Baba Ya Cika

Zuwa ga ƙanwata Mai Ɗinki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kekenki yana ta gudu, allura kuma ta daina cin yatsunki. Ki gaida Inna da ƙafarta. Ki gaida Baba Akawu gaisuwar ɗa, ko da yake na san zai ce a warware masa ta inda na zama ɗan nasa. Ki tuna masa cewa kakata da mahaifiyarsa 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma ya ciyar da ni shekara uku ina sakandare. In dangantakar ta yi masa nisa, abincin ai bai yi ba.

Ni lafiya lau, sai gwiwa da ke sanar da ni za a yi ruwa tun kafin rediyo ya sani.

Na rubuto a takarda ne don na san Baba ba ya ɗaukar maganar waya a bakin komai. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar da teburinsa a ƙofar ofisoshi, yana rubuta wa mutane wasiƙa yana cika musu fom, ba za a tura masa saƙon da ba shi da ambulan ba. Ki karanta masa wannan a hankali.

Direba mai kai mana wasiƙa ya gaya mini abin da likita ya ce: idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma in ba a yi masa aiki cikin wata huɗu ba zai bi ɗan'uwansa. To ga abin da ya sa na ɗauki biro. An ɗauke ni daga ɗakin fassara an mai da ni ɗakin shafi. Hukumarmu ta lafiya ta buɗe shafi a dandalin sada zumunta, a nan ake shiga layin aikin ido yanzu. Mu huɗu ne a ɗakin, da fanka ɗaya, da taga mai kallon bango. Da ina fassara sanarwar da ba mai karantawa, yau ina amsa tambayar da kowa ke yi. An ce ci gaba ne, ni ma na fara yarda.

Ba sai kun yi tafiyar kwana biyu kun zo nan ba, ba sai kun san wani ba. Ki shiga shafin, ki tabbata mai shuɗiyar alama ne kusa da sunan, don akwai na bogi har uku, ɗaya ma ya fi namu iya gaisuwa. Ki sauke fom ɗin, a cika, ki ɗauki hotonsa ki tura ta akwatin saƙo, ki rubuta layi ɗaya a ƙasa don a san kin gama. Shi ke nan. Akwai na'ura da ke tantance saƙonnin, ba ta barci, ba ta da dangi, ba ta jin haushin kowa. Ki yarda da ni a kan wannan. In abin ya ba ki kunya, ki ɗinka mini riga mai hannu ɗaya in sa ta zuwa ofis.

Yayanki,
Ƙamus

*

Yaya Ƙamus,

Salamu alaikum. Wasiƙarka ta iso tana warin man mota, Direba ya ce a ƙarƙashin kujerarsa ta kwana. Muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, bakinta kuwa ba abin da ya same shi. Ta ce ka daina ɗora wa gwiwa laifi, tumbi ne.

Na karanta wa Baba sau biyu. Da farko ya ce, "Gwamnatin da na sani tana da ƙofa da benci da masinja mai ɗaure fuska. Wadda ke zaune cikin waya tare da masu tallar maganin ƙiba, ban san ta ba." Na ce ai Ƙamus ne a ciki. Sai ya ce, "To in shi ne, aƙalla ba za a yi kuskuren rubutu ba."

Ni ma gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba. Matar Kafinta, maƙwabciyarmu, ta taɓa tura hoton katinta ga wani shafi irin wannan, har yau ana kiran ta ana ce mata ta ci kyautar firji. Amma na nemi shuɗiyar alamar taka na gani, na kai aka buga mini fom ɗin a shagon bakin titi.

Na ɗauki biro zan cika, Baba ya buge mini hannu. Wai shi da ya cika wa rabin garin nan fom, ba zai zauna tela ta cika masa nasa ba. Ya sa na fitar masa da tsohon teburinsa bakin ƙofa inda rana ke bugawa, ya ɗauko gilashin nan nasa mai ƙara girman rubutu, ya manna hancinsa a takarda. Tun safe har rana ta take tsaka. Yaya, ko gogewa ɗaya babu. Da ya gama ya hura takardar kamar yadda ya saba, alhali tawadar biro ce.

Na ɗauki hoto na tura, na rubuta a ƙasa: "Baba ya cika, mun gode." Nan take alama ta nuna an karanta. Ban taɓa ganin gwamnati ta karanta abu da sauri haka ba.

Yanzu shagona ya zama reshen ofishinku. Mata tara na layinmu sun zo na shigar da su ko iyayensu, har da Matar Kafinta da ke ganin komai kamar ta cikin labule. Duk cewa suke tunda Akawu ya yarda, abin na gaske ne. Ka ga nauyin da ka ɗauka.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya, shi kaɗai zan iya cewa.

Na kira ka sau goma sha huɗu. Ranar farko wayar ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba, daga nan kuma a kashe. Shi ya sa na tsare Direba a tasha na ba shi wannan.

Ranar Laraba ina cikin yanka yadi sai ga Gwaggo ta faɗo shago tana kuka, ta rungume ni tana cewa me ya sa ba a gaya mata ba, sai a waya za ta gani. Ta nuna mini. Shafinku ne, mai shuɗiyar alamar. An sa cikakken sunan Baba da unguwarmu cikin baƙin zane, an rubuta hukuma tana miƙa ta'aziyya ga iyalansa. Mutum ɗari biyu da wani abu sun yi masa addu'a a ƙasa. Na ruga gida ko takalmi ban sa ba. Na same shi zaune yana shan shayi yana faɗa da rediyo.

Kafin la'asar gida ya cika da mutane. Wasu sun yi tafiyar awa biyar. Duk wanda ya yi sallama da muryar kuka, Baba ne ke amsa masa daga kan kujera. Wata ta yar da jakarta ta fita da gudu. Shi kuwa dariya ya riƙa yi, ya sa na kawo takarda in rubuta waɗanda suka zo, don ya san waɗanda ba su zo ba. Ya ce wa Mai Aski, "Kai da na rubuta wa wasiƙar neman aure, sai yanzu kake zuwa? Ai da an binne ni ba ka nan."

Dariyar ta kwana biyu ce kawai. Na shiga shafin in duba layinsa, aka ce babu mai wannan suna a cikin masu jira. Na rubuta cewa yana da rai, amsa ta zo: "An rufe wannan fayil. Allah ya ba ku haƙuri." Na sake rubutawa, amsar dai ita ce. Na tura hotonsa yana riƙe da jaridar ranar, aka ce Allah ya ba mu haƙuri.

Da na gaya masa, ya ture rediyonsa gefe. Sannan ya ce, "Na cika wa mutane takardar mutuwa ta fi ɗari huɗu. Ban taɓa ganin wadda ta dawo ba."

Yanzu ba ya fita bakin ƙofa. Ya ce yara suna leƙen sa, manya kuma suna gaida shi da wata irin murya. An ci sati bakwai cikin wata huɗun likita. Wa ya ce muku ya mutu, Yaya? Wane maƙiyi ne? Ka ɗauki wayarka.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Ina gaida ke, ina gaida Inna, ina gaida Baba in zai karɓa. Lafiyata ƙalau, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Na ga kiranki duka goma sha huɗun. Na kashe wayar ne da hannuna, don ranar da kika fara kira na riga na san maƙiyin da kike tambaya. Kwana goma sha tara ina neman yadda zan rubuta wannan da kyau. Babu yadda za a yi, ga shi nan yadda yake.

Kafin a buɗe shafin, layin aikin ido ya cika da matattu. Mutum zai jira har ya rasu, sunansa na nan yana tare wa mai rai hanya. Sai Shugaban ofishinmu ya ce a koya wa na'ura ta gane saƙon rasuwa, ta cire sunan, ta kuma buga ta'aziyya don jama'a su ga gwamnati tana da zuciya. Injiniyarmu ta sa mata kalma biyu: ya mutu, ya rasu. Ni kuwa da Baba ya laƙaba wa Ƙamus ba a banza ba, na yi murmushi na ce mata, "'Yata, ba wanda ke cewa uban da ya haife shi ya mutu." Na zauna na rubuta mata jeri. Ya kwanta dama. Ya riga mu gidan gaskiya. Ya amsa kira. Rai ya yi halinsa. An yi rashi. Guda goma sha ɗaya, har ana tafa mini. Ta bakwai ita ce: ya cika.

Ban tuna ba ko sau ɗaya cewa shafin da ake cika fom a cikinsa nake wa aiki. Ni da na tashi a gidan mai cika fom. Kin rubuta "Baba ya cika, mun gode," na'ura ta duba jerina, ta yi abin da na koya mata. Ba ta yi kuskure ba, ɗaliba ce mai ƙwazo.

Ba Baba kaɗai ba ne. Na bincika, su sittin da uku ne. Duk waɗanda 'ya'yansu suka tura musu ne, wato waɗanda suka fi tsufa, suka fi makancewa. Ina da sunayensu a takarda cikin aljihuna. In na shiga motar haya na ga tsoho yana lalube, sai in ji kamar in tambaye shi sunansa, kuma ina tsoron ya faɗa.

An kulle fayil ɗin matattu ne don kada wani ya saci gurbin mamaci, saboda haka ba a buɗe shi ta waya. Doka ta ce sai mamacin ya zo da kansa. Na gaya wa Shugaba cewa wannan mamacin ba ya gani kuma tafiyar kwana biyu ce. Ya ce in kawo masa takarda da zai buga wa hatimi, shi bai san rai ba sai a takarda. Na sauka ɗakin ajiya, na yi kwana uku cikin ƙura da kyankyasai, na samo wani tsohon fom da aka daina amfani da shi tun kafin a haifi Injiniya: takardar shaidar rai. Ga shi cikin ambulan. Dole Baba ya cika da hannunsa ya sa hannu. Ki ba Direba ya juyo da shi a wannan zuwan.

Ki karanta masa wasiƙar nan duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya don ki rufa mini asiri. Rigar mai hannu ɗaya kuma ki fara yankawa.

Yayanki

*

Yaya Ƙamus,

Mun gode Allah, muna nan. Motar Direba ta lalace a hanya, wasiƙarka ta yi kwana takwas kafin ta zo.

Na karanta masa duka. Ni da na gama ji na yi kamar in yayyaga ta. Shi kuwa ya tambaya, "Guda nawa ya ce ya rubuta?" Na ce goma sha ɗaya. Ya ce, "Ya manta 'ya yi wafati'. Ki gaya masa karatunsa da saura." Ya yi dariya har ta zame masa tari. Rabon da in ji dariyarsa tun ranar masu ta'aziyya.

Amma ba yadda ka san shi yake ba. Ranar Asabar ya taka matakalar banɗaki bai gan ta ba, ya faɗi a kan ƙugunsa. Tun daga nan yana kwance. Abinci sai cokali uku. In Inna ta matsa masa sai ya ce, "Ki bar ɓarnar abinci a kan wanda hukuma ta sallama." Wasa yake, amma ba ya ci.

Mun jingina shi da filo, na ɗora masa faranti a cinya a madadin tebur. Gilashin ba ya masa amfani yanzu, ni ce nake ɗora masa bakin biro a farkon kowane layi. Za ka ga rubutun yana gangarowa. Da muka zo inda aka ce "Shin kana da rai?" na ce ya rubuta E kawai. Ya ce akawu ba ya sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba. Ka duba abin da ya rubuta.

Ya ce in gaya maka ya yafe, amma ka daina koya wa abin da ba ya jin kunya magana.

Matan layinmu shida sun zo sun ce in cire su daga shafin. Ɗaya ta ce gara ta makance da ranta. Matar Kafinta ce ta ce ita tana nan, ba ta da wani wurin zuwa. Ka yi sauri, Yaya.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Gaisuwa a gurguje, Direba yana ƙasa yana danna mini oda. Albishirinki.

Fom ya iso jiya. Na ga amsar Baba: "Ya zuwa yau." Shugaba ya karanta ya ce wannan ba E ba ce ba A'a ba ce. Na ce masa ranka ya daɗe, ita ce amsa mafi gaskiya da ta taɓa shigowa ginin nan. Ya harare ni, ya buga hatimi.

An ta da Baba da ƙarfe goma da kwata na safiyar yau, a gabana. An mai da shi gurbinsa, an ba shi rana: Litinin ta ƙarshen wata mai zuwa, kwana tara kafin wa'adin likita. Na kuma tsaya a kan Injiniya har ta goge "ya cika" daga jerin. Daga yau duk wanda ya rubuta haka, na'ura za ta gane fom ake nufi, ta yi masa madalla.

Saura sittin da biyu. Na buga fom ɗin shaidar rai guda sittin da biyu.

Ki ce wa Baba ya ci abinci, umarnin hukuma ne. In an buɗe idon, abu na farko da zan kawo masa ya duba shi ne jerin nan, ya gyara mini da jan biro.

Yayanki,
Ƙamus

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ni da Inna muna lafiya.

Wasiƙarka ta albishir ta zo ranar Alhamis. Baba ya cika ranar Talata, da hantsi, bayan ya sha ruwa ya ce a buɗe masa taga. Na san za ka karanta layin nan sau biyu. Ba fom nake nufi ba.

Ban kira ka ba. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga. Shi mutumin takarda ne, na ga ya kamata labarinsa ya zo maka a takarda.

Mutane ba su zo da yawa ba. Waɗanda muka aika wa, wasu sun ce ai an taɓa yi musu haka. Gwaggo ta ce ba za ta sake hawa mota ba sai ta gani a shafi. Mai Aski ne ya tsaya a kan komai.

Bayan kwana uku na tuna gurbinsa. Na ce kada ya tare wa wani hanya, wataƙila ma Matar Kafinta ta matsa gaba. Na shiga shafin. Na san abin da ka ce game da kalmomin, na san wadda na'urarku ba za ta yi kuskure da ita ba. Na sa yatsa zan rubuta ta, na kasa. Kai ka faɗa da bakinka, ba wanda ke faɗin haka a kan ubansa. Sai na rubuta abin da bakina ya iya: "Baba ya cika."

Amsa ta zo nan take. "Madalla! An karɓi takardarka. Muna jiran ka ranar Litinin ta ƙarshen wata mai zuwa. Kada ka makara."

Tun daga nan kowace Litinin da safe sai saƙo ya shigo da cikakken sunansa: saura sati huɗu, saura sati uku, ana jiran ka. Ranar farko na jefar da wayar cikin kwandon ƙyallaye. Yanzu Inna ce ke zuwa shago da sandarta tun ban buɗe ba, ta zauna ta ce, "Sun kira shi?" In karanta mata. Ta ce a duk duniya ku kaɗai kuka rage kuna kiran sa kamar zai amsa. Ta ce kada in bari a taɓa.

Ni kuma ina ganin Matar Kafinta tana bin bango zuwa famfo. Na rasa wadda zan bi a cikinsu, shi ya sa na kawo maka. Abu ɗaya na roƙe ka: in za a rufe, kada na'ura ta rufe. Kai ka buɗe mana ƙofar nan.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri, ya ba ni. Kada ki tambayi lafiyata a wannan karon.

Na karanta layin sau biyu, kamar yadda kika ce.

Na rufe fayil ɗin yau da hannuna. Na hana a buga ta'aziyya a shafi, an riga an yi masa ɗaya. Gurbinsa na Litinin ya faɗa kan wani tsoho da ban sani ba, ɗaya daga cikin sittin da biyun nan. Matar Kafinta ta matsa gaba da mutum ɗaya, ranarta tana cikin wata mai kamawa. Ki raka ta, kuma in za ki rubuta wa shafin wani abu, ki rubuta yadda bakinki ya iya. Na gaya wa Shugaba duk saƙon da ya zo da kalma daga jerina, har da "ya cika", ni zan karanta kafin na'ura ta taɓa shi. Kusan arba'in ne a rana. In na yi shakka sai in kira lambar in tambaya, "Fom ne, ko rasuwa?" Wasu su yi dariya. Wasu su yi shiru, sai in gane.

Ki ba Inna haƙuri, saƙon Litinin ba zai ƙara zuwa ba. Amma na yi magana da Direba. Duk sati zai kawo ambulan da cikakken sunan Baba a bayansa, da rubutun hannu, irin yadda ya koya mini: suna a tsakiya, a ja layi a ƙasa. Abin da ke ciki na Inna ne. Ki karanta mata bayan ambulan ɗin tukuna.

Takardar shaidar ransa ya kamata in mayar ɗakin ajiya. Ban mayar ba, tana cikin aljihun teburina, kullum na jawo shi neman biro sai in ga rubutun nan mai gangarowa.

Da na zo rufewa, allon kwamfuta ya tambaye ni, "Ka tabbata?" Injiniya ta ce mutane kaɗai yake yi wa wannan tambayar, na'ura ba ya tambayar ta. Na zauna ina kallon tambayar har fanka ta tsaya aka fara share ɗakin. Sannan na danna E.

Yayanki,
ɗan Baba Akawu